Lu'ulu'u: Yadda ake auna darajarsa, da gaskiyar ɓoyayyen hasken da ke karya masa farashi

Duwatsu biyu na lu'ulu'u, wanda wasu ke kira daimon, suna iya zama nauyinsu ɗaya, ido ya kasa rarrabe su a kan teburin mai shago, amma kuɗin ɗaya ya ninka na ɗayan. Abin da ke raba su yana rubuce a wata takarda da ake bayarwa tare da dutsen, cike da haruffa da lambobin da yawancin masu saye ba sa iya karantawa. Duk wanda ya biya kuɗin zoben baiko bai fahimci wannan takarda ba, cinikin biri a sama ya yi, ko da kuwa zoben yana tafin hannunsa.

A ƙasar Hausa an fi sanin sadaki da lefe, kuma zinare ne kadarar da mace ke ajiyewa. Sai dai zoben baiko ya fara samun shiga a birane, musamman a wurin matasan da ke sayayya a Dubai ko ta intanet. Wannan bayani ya tattaro abin da ya kamata mai saye ya sani kafin ya zaro kuɗinsa.

Mene ne lu'ulu'u?

Lu'ulu'u sinadarin kabon ne zalla, wato ɗan'uwan gawayi da bakin fensir. Bambancinsu yana cikin yadda ƙwayoyin sinadarin suka sarƙe da juna. Yana samuwa a zurfin kilomita 150 zuwa 200 a ƙarƙashin ƙasa, inda zafi da matsi suka kai maƙura, kuma akasarinsa ya haura shekara biliyan ɗaya. Aman wutar dutse ne ya turo shi kusa da doron ƙasa a cikin wani nau'in dutse da aka raɗa wa suna daga garin Kimberley na Afirka ta Kudu.

A ma'aunin Mohs na taurin ma'adinai yana mataki na 10, wanda shi ne ƙololuwa. Taurin nan yana hana shi ƙarzuwa, amma ba ya hana shi fashewa. Idan ya bugu da ƙarfi a daidai gaɓarsa yana iya ɓalgacewa.

Yadda ya zama dutsen baiko

Masu tarihi kan ambaci shekarar 1477, lokacin da Maximilian na Ostiriya ya ba Mary ta Burgundy zoben lu'ulu'u, a matsayin farkon abin da aka rubuta. Al'adar ta daɗe a gidajen sarauta da na attajirai kaɗai. Talla ce ta kai ta gidan talaka.

Kamfanin De Beers, wanda Cecil Rhodes ya kafa a 1888, ya kai ga riƙe fiye da kashi 80 cikin 100 na ɗanyen lu'ulu'un da ake sayarwa a duniya. Da kasuwa ta faɗi a shekarun 1930, sai ya ɗauki kamfanin talla na N. W. Ayer a 1938 domin ya cusa wa Amurkawa ra'ayin cewa baiko ba ya cika sai da wannan dutse. A 1947 wata ma'aikaciyar kamfanin tallar, Frances Gerety, ta ƙirƙiro taken da ke cewa lu'ulu'u na har abada ne. Ƙa'idar da ake yawan ji, wai saurayi ya kashe albashin wata biyu a kan zobe, ita ma daga tallace-tallacen kamfanin ta fito. Babu wata doka ko addini da ya shimfiɗa ta.

Ma'aunai huɗu

Kafin tsakiyar ƙarnin da ya wuce, kowane dillali yana da nasa kirarin da yake yi wa hajarsa. Cibiyar nazarin duwatsu masu daraja ta Amurka, GIA, wadda Robert Shipley ya kafa a 1931, ita ce ta daidaita ma'aunai huɗu: nauyi, launi, tsabtar ciki da yanka. A 1953 ta fitar da tsarin matakan da kasuwar duniya ke bi har yau.

*Nauyi.* Ana auna lu'ulu'u da karat, kuma karat ɗaya miligiram 200 ne, wato karat biyar ke yin giram ɗaya. Ana raba karat gida 100, don haka 0.50 rabin karat ne. Wannan karat dabam yake da na zinare. Na zinare yana nuna yawan zallar zinaren da ke cikin haɗi, shi ya sa ake cewa 18 ko 21 ko 24, na lu'ulu'u kuwa nauyi ne kawai. Farashi ba ya tafiya daidai da nauyi. Dutse ɗaya mai karat ɗaya ya fi duwatsu biyu masu rabin karat tsada nesa, saboda manya sun fi wuyar samu. Farashin kuma yana yin tsalle a cikakkun lambobi kamar 0.50 da 1.00. Zagayayyen dutse mai karat ɗaya faɗinsa kusan milimita 6.5 ne, mai 0.90 kuwa kusan 6.2. Ido ba ya cika gane wannan tazara, aljihu ne ke gane ta.

*Launi.* Farin lu'ulu'u ana auna shi ne da rashin launi. Matakan suna farawa daga harafin D su ƙare a Z. Daga D zuwa F babu launi ko kaɗan. Daga G zuwa J akwai ɗan abin da ba a lura da shi sai an jera dutsen kusa da wanda ya fi shi. Daga K zuwa M ruwan ɗorawa ya fara bayyana, daga N zuwa Z kuwa a fili yake. Ƙwayoyin naitirojin da suka maƙale a cikin dutsen ne ke kawo wannan ruwan ɗorawa. Masu aunawa suna kife dutsen su dube shi ta gefe a ƙarƙashin fitila ta musamman, alhali mai zobe ta sama take kallon nata, inda ƙyalli ke rufe launi. Ƙarfen zoben ma yana da tasiri. Dutse mai matakin J ko K yana fitowa fari a kan jan zinare, amma farin zinare ko filatinam yana tona launinsa.

*Tsabtar ciki.* Kusan kowane lu'ulu'u yana da ɗigo, ko 'yar tsaga, ko ƙwayar wani ma'adini a cikinsa. Ana dubawa da gilashin da ke ƙara girman abu sau goma, a sanya dutsen a ɗaya daga matakai 11: FL, IF, VVS1, VVS2, VS1, VS2, SI1, SI2, I1, I2 da I3. FL shi ne wanda ba a ga komai ba ciki da waje. A matakan VS, da wuya ido tsirara ya ga tabon. A SI1 sau da yawa haka ne, amma sai an duba dutsen da kansa. A matakan I tabon yana fitowa fili, wani lokaci har ya raunana dutsen. Wurin da tabon yake yana da muhimmanci: baƙin ɗigo a tsakiyar fuska ya fi muni a kan farin ɗigo a gefe, wanda ƙarfen zobe zai iya rufewa.

*Yanka.* Wannan ne kaɗai ma'aunin da ke hannun ɗan'adam, kuma shi ne ya fi tasiri a kan ƙyalli. Zagayayyen yanka da aka fi sani yana da fuskoki 57 ko 58, kuma lissafinsa yana komawa ga aikin da Marcel Tolkowsky ya wallafa a 1919. Idan an daidaita kusurwoyin, hasken da ya shiga ta sama yana buga fuskokin ƙasa ya dawo wa mai kallo. Idan dutsen ya cika zurfi ko ya cika faɗi, hasken yana zurarewa ta ƙasa, sai tsakiyarsa ta yi duhu. Mai yanka kan yi asarar rabin nauyin ɗanyen dutse ko fiye, saboda haka wasu ke barin kauri a ƙugun dutsen domin ya kai karat ɗaya. Mai saye sai ya biya kuɗin nauyin da ba ya gani. Tun 2006 GIA take bayar da matakai biyar na yanka ga zagayayyun duwatsu, daga mafi kyau zuwa mafi rauni. Wanda zai rage kuɗi, gara ya rage a launi ko tsabta ya bar yanka a matakin sama.

Ɓoyayyen haske

A ƙasan takardar shaida akwai wani layi da ba ya cikin ma'aunai huɗu, amma yana taɓa farashi. Masana na kiransa fuloresens, sunan da masanin Birtaniya George Stokes ya ƙirƙiro a 1852. Ma'anarsa ita ce wani abu ya shanye hasken UV, wanda ido ba ya gani, ya mayar da shi hasken da ido ke gani. Duk wanda ya ga yadda ake haska takardar naira da shuɗiyar fitila a banki, wasu alamomi su fito, ya ga irin wannan aiki. Da an kashe fitilar, hasken yana ɗaukewa.

Alƙaluman GIA sun nuna kashi 25 zuwa 35 cikin 100 na lu'ulu'u suna da wannan ɗabi'a, kuma fiye da kashi 95 cikin 100 na masu ita shuɗin haske suke fitarwa. Sauran suna fitar da ruwan ɗorawa, ko kore, ko fari. Tushen shuɗin shi ne wani tsari a cikin dutsen, inda ƙwayoyin naitirojin uku suka kewaye gurbin da babu ƙwayar kabon. Wannan ba tsaga ba ce, ba ta kuma rage ƙarfin dutsen. Takardar tana nuna ƙarfin hasken a matakai biyar: babu, kaɗan, matsakaici, mai ƙarfi, da mai ƙarfi ƙwarai. Daga matsakaici zuwa sama ana rubuta launinsa.

Dalilin da ya sa batun ya shafi mai zobe shi ne hasken rana yana ɗauke da UV. Shuɗi yana kashe ruwan ɗorawa a ido, kamar yadda bula ke ƙara wa farar riga fari bayan wanki. Don haka dutse mai matakin I zuwa M da ke da shuɗin haske matsakaici ko mai ƙarfi yana iya fitowa fari fiye da matakinsa idan an fita da shi rana. Idan kuwa hasken ruwan ɗorawa ne, yana iya ƙara wa dutsen launin da ake gudu.

Abin da ake tsoro shi ne hazo. Wasu duwatsu masu haske mai ƙarfi ƙwarai suna fitowa kamar an shafa musu mai ko an ɗiga musu madara. GIA ta ce ƙasa da kashi 0.2 cikin 100 na duwatsu masu ɓoyayyen haske da aka kawo mata ne suka nuna wannan. A 1997 cibiyar ta wallafa wani bincike inda ta jera duwatsu masu matakin launi ɗaya, waɗanda ƙarfin haskensu ya bambanta, ta sa ƙwararru da gama-garin mutane suka duba. Gama-garin mutane ba su ga wani bambanci mai ɗorewa ba. Masu duban kuma, a dunƙule, sun ga duwatsu masu shuɗin haske mai ƙarfi sun fi kyan launi idan an kalle su ta sama.

Duk da haka kasuwa tana karya wa irin waɗannan duwatsu farashi, musamman a matakan D zuwa H, inda babu ruwan ɗorawar da za a kashe. A da ba haka abin yake ba. Akwai lokacin da ake rububin duwatsun mahaƙar Jagersfontein ta Afirka ta Kudu saboda shuɗin da ke cikin farinsu, har dillalai suka riƙa laƙaba wa kowane dutse sunan shuɗi-fari. Hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta taƙaita amfani da wannan laƙabi a 1938 saboda yaudarar da ake yi da shi. Daga baya ra'ayin kasuwa ya juya, abin da ake yi wa kirari ya koma abin zargi. Dillalai na fargabar cewa fitilar aunawa mai ɗauke da UV tana iya sa a ba dutse matakin launin da ya fi nasa, sannan dutse mai wannan layi a takardarsa ya fi wuyar sayarwa ga wanda ke saye daga nesa.

Ga mai saye, wannan ragi dama ce idan ya bi ta da hankali. Matakin kaɗan ba shi da wani tasiri a ido. Matsakaicin shuɗi a dutse mai G zuwa J da wuya ya cutar. Idan takarda ta nuna mai ƙarfi ko mai ƙarfi ƙwarai, gani ya kori ji: a ajiye dutsen kusa da wani mai matakinsa wanda ba shi da hasken, a duba su a fitilar shago, a duba a bakin taga, a fita da su rana. Wanda ya tsaya garau a wurare ukun, mai shi ya samu rangwame a kan abin da ba aibu ba. Ya dai sani cewa ragin da ya samu yau za a yi masa shi ranar da ya tashi sayarwa.

Wannan ɗabi'a tana da wani amfanin. A mahaƙai ana tace lu'ulu'u daga tsakuwa da injin da ke haska su da hasken X-ray, wanda ya yi haske iska ta fizge shi gefe. A ɗakin gwaji kuma, yanayin hasken yana taimakawa wajen bambance dutsen ƙasa da na masana'anta.

Na ƙasa, na masana'anta, da mai kama

Kamfanin General Electric ya yi nasarar sarrafa lu'ulu'u a Amurka a 1954. A yau ana yinsa ta hanyoyi biyu: matsi da zafi mai tsanani, ko tara kabon daga iskar gas a kan ɗan ƙaramin iri. Sin da Indiya ne kan gaba. Lu'ulu'un masana'anta ba jabu ba ne, domin sinadarinsa da taurinsa ɗaya ne da na ƙasa, kuma ido ko gilashin mai shago ba sa bambance su. Bambancin yana farashi, wanda ya yi ta faɗuwa shekara bayan shekara. De Beers da kansa ya buɗe reshen Lightbox a 2018 yana sayar da karat a kan dala 800, sannan a 2025 ya sanar da rufe shi. Laifin da ake yi shi ne sayar da na masana'anta da sunan na ƙasa.

Masu kama kuwa wani abu ne dabam. Akwai zirkoniya ta masana'anta, mai araha wadda ke dusashewa da amfani, akwai kuma moissanite, wanda taurinsa ya kai 9.25 kuma yana ruɗin ƙaramar na'urar gwaji mai auna zafi. Gwajin ƙarzar gilashi ba hujja ba ne, tunda duwatsu da yawa suna ƙarzar gilashi. Akwai kuma lu'ulu'un gaske da aka yi wa kwaskwarima, ta hanyar huda shi da leza a wanke baƙin tabo, ko cike tsagarsa da narkakken gilashi. Irin wannan ba ya kai kuɗin wanda ba a taɓa ba, kuma wajibi ne mai sayarwa ya faɗa.

Takardar shaida

Takardar da ake dogaro da ita ita ce ta cibiya mai zaman kanta, kamar GIA, ko IGI da HRD da suka samo asali a Antwerp ta Beljiyam. Takardar da shago ya buga wa kansa da kimar kuɗi a jiki ba ita ba ce. GIA ba ta rubuta farashi. Cibiyoyi ba su daidaita a tsanani ba, don haka bai dace a kwatanta G na wannan da G na waccan kai tsaye ba. Kowace takarda tana da lamba da za a iya bincikawa a shafin cibiyar, kuma yawancin duwatsu an zana musu lambar da leza a ƙugunsu. Mai saye ya nemi a nuna masa ita da gilashi, ya tabbatar ta dace da takardar, a kuma rubuta a rasiɗi cewa dutsen na ƙasa ne ko na masana'anta.

Siyasar da ke bayan dutsen

Ma'aunai huɗu ba sa faɗin inda dutse ya fito. Lu'ulu'u ne ya ɗauki nauyin 'yan tawayen RUF a yaƙin Saliyo na 1991 zuwa 2002, da na UNITA a Angola. A 2012 kotu ta musamman ta yanke wa tsohon shugaban Laberiya Charles Taylor ɗaurin shekara 50 saboda taimaka wa RUF. Tsarin Kimberley, wanda ya fara aiki a 2003, ya tilasta wa ƙasashe mambobi rakiyar ɗanyen lu'ulu'u da takardar shaida. Raunin tsarin shi ne ma'anar da ya ba lu'ulu'un yaƙi ta tsaya ga wanda 'yan tawaye ke amfani da shi a kan gwamnati. Cin zarafin da jami'an gwamnati suka yi ba ya ciki. Ƙungiyar Global Witness, wadda ta taimaka wajen kafa tsarin, ta fice a 2011 bayan an amince da sayar da lu'ulu'un Marange na Zimbabuwe. Na Rasha ma bai faɗa cikin ma'anar ba, sai da ƙasashen G7 suka ƙaƙaba nasu takunkumin daga Janairun 2024.

A ɗaya gefen akwai Botswana, wadda ta raba kamfanin Debswana rabi da rabi da De Beers, ta gina makarantu da asibitoci da kuɗin mahaƙan Orapa da Jwaneng. Lu'ulu'u ne kusan kashi 80 cikin 100 na abin da take fitarwa waje. Da kasuwa ta faɗi, baitulmalinta ya girgiza, kuma a zaɓen Oktoban 2024 jam'iyyar BDP ta rasa mulki bayan shekara 58. Ƙaurace wa lu'ulu'un Afirka gaba ɗaya yana taɓa irin wannan ƙasa da ƙananan mahaƙa. Akasarin duwatsun da nahiyar ke haƙowa kuwa a birnin Surat na Indiya ake yanka su, wato kaso mai tsoka na ayyukan yi da ribar yana can waje. Mai saye yana da haƙƙin tambayar ƙasar da dutsen ya fito, kuma wasu kamfanoni suna bayar da shaidar hakan a rubuce.

Ranar sayarwa

Nan ne lu'ulu'u ya sha bamban da zinare. Zinare yana da farashin giram da kowa ya sani a kowace rana, mai sarƙa za ta kai kasuwa a ɗora a sikeli a biya ta, an cire kuɗin ƙira. Lu'ulu'u ba shi da farashi ɗaya, domin kowane dutse da nasa matakan, kuma dillalin da zai saya a hannun mutum yana lissafi ne da farashin sari, ba na shago ba. Wanda ya mayar da zobe yakan karɓi ƙasa da abin da ya biya da tazara mai yawa, na masana'anta kuwa da ƙyar ake samun mai saye. Wanda ke neman ado ya sayi lu'ulu'u da kuɗin da ba zai buƙata ba gobe. Wanda ke neman kadarar da amarya za ta jingina da ita ranar buƙata, ya ƙara nauyin zinaren ya rage girman dutsen.